BABI NA UKU: ZAMAN BAƘUNCI A TURAI CIKIN LABARIN DORUGU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an nuna yadda fatauci da almajiranci da ci-rani da aikin hajji suka daɗe suna raba Bahaushe da garinsu, wani lokaci na 'yan watanni, wani lokaci kuwa har ƙarshen rayuwa. Wannan babi zai tsaya ne a kan labari guda ɗaya, wato labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa, wanda J. F. Schön ya buga a cikin littafinsa Magana Hausa a shekarar 1885. An zaɓi wannan labari ne domin yana cikin mafiya daɗewar zube da aka rubuta da boko, inda Bahaushe ya faɗi da bakinsa abin da ya gani a ƙasashen Turai. Saboda haka za a fi mayar da hankali ga ɓangaren da ya shafi zamansa a can. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ba za a fahimci abin da Dorugu ya faɗa game da zaman baƙunci ba, balle abin da ya tsallake, sai an yi la'akari da mutumin da ke zaune a gabansa riƙe da alƙalami, da kuma lokacin da aka yi wannan zama.

3.1 Mai Labari da Yadda Labarin ya Samu

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram wadda a yau take Jamhuriyar Nijar. Yana yaro aka kama shi bauta, aka yi ta sauya masa iyayen gida har ya iske kansa a Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. A can ne wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko binciken ƙasa a 1850, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim.

Tare da Barth suka bi ta Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a watan Satumba na 1853. Suka komo ta Kano zuwa Kukawa a ƙarshen 1854. A shekarar 1855 suka ƙetare Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus, daga nan suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Malta da Faransa, suka sauka Landan a watan Satumba. Bayan haka Barth ya tafi da su Jamus, ƙasarsu.

A farkon 1856 Barth ya shirya a mayar da yaran gida, amma shirin bai tabbata ba, domin Schön ya karɓe su zuwa gidansa da ke Chatham, abin da ya haddasa saɓani tsakanin Turawan biyu. Shi wannan Schön ɗan mishan ne, Bajamushe, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya kuma shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Tun a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa, amma bai taɓa taka ainihin ƙasar Hausa ba. Hausarsa ta tsintuwa ce daga bakin 'yantattun bayi. Ke nan samun yaro ɗan asalin harshen a cikin gidansa ba ƙaramar garaɓasa ba ce gare shi. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864, aka yi masa baftisma da sunan James Henry, ya koyi karatu da rubutu, ya kuma zama babban madogarar Schön wajen fassarar sassan Baibul da littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Bayan ya komo ya yi aikin tafinta, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Labarin da ake nazari a nan an ɗauke shi ne daga bakin Dorugu a farkon zamansa gidan Schön, wajen 1856, lokacin yana ɗan kimanin shekara 16. Idan aka bi rabe-raben adabi irin na Ɗangambo (1984), za a rasa inda za a ajiye shi kai tsaye, domin baki na Bahaushe ne, hannu kuwa na Bature. Irin wannan yanayi ne ya haifar da labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakaninsu. Baba tsohuwa ce, tana zaune cikin mutanenta, baƙuwa ce ta zo ta same ta. Dorugu kuwa yaro ne, shi ne baƙon, kuma wanda yake rubuta maganarsa shi ne mai ba shi ci da sha da makwanci.

3.2 Idon Baƙo

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan gaskiya ne ta fuskar sanin hanya da sanin wanda ake gaisarwa da durƙuso. Amma ta wata fuskar baƙo ya fi ɗan gari gani, domin abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina lura, shi ne yake fara tsone wa baƙo ido. Ƙarfin ɓangaren Turai na labarin Dorugu daga nan ya taso. Hankalinsa ya fi karkata ga ƙananan al'amuran yau da kullum, wato ci da sha da sutura da yadda mutane ke mu'amala da juna.

Misali mafi fitowa fili shi ne bayanin da ya yi na cin abincin dare a gidan Turawan Ingila. Ya bi abin daki-daki, tun daga zaman mutane a tebur, zuwa yadda ake kawo abinci kashi bayan kashi, har a tashi. Kafin a ga nauyin wannan bayani sai an tuna da inda mai maganar ya fito. A gidan Bahaushe na ƙarni na 19 tuwo da miya tare suke zuwa, a akushi ko a ƙwarya. Maza suna ci daban, mata daban, yara daban. Da hannu ake ci, ba a cika surutu a kan abinci ba, kuma akwai mutanen da kunya ba ta barin a ci a gabansu, kamar surukai. Saboda haka wurin da namiji da mace baƙin juna za su zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa da farantinsa da wuƙarsa da cokalinsa, ana ci ana hira ana jiran wani abincin ya iso, kowane mataki nasa labari ne ga ɗan Damagaram. Dorugu bai yi wa abin ba'a ba, bai kuma kambama shi ba. Ya jera shi ne kamar yadda mai ba da labarin bikin wata ƙabila zai jera: ana yin kaza, sannan a yi kaza. A bakinsa Turawa sun zama mutanen wata ƙasa masu wata irin al'ada, waɗanda ake iya kallo a kuma bayyana su.

Haka kuma abin da ya lura da shi a Jamus na yawan shan taba, har da yara ƙanana. Taba dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana nomanta, ana zuƙarta a lofe, ana kuma cusa garinta a baki. Abin da ya ja hankalin Dorugu shi ne yawan shan da kuma shekarun masu sha, wato ya auna abin ne da ma'aunin gida, inda yaro ba ya yin irin wannan a gaban manya. Wannan ɗan guntun bayani ya isa ya nuna cewa yaron bai bar ma'auninsa a Tarabulus ba.

A nan ya kamata a kawo littafin Barth domin kwatanci. Barth ya buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, a ciki har akwai hoton yaran nan biyu, inda ya rubuta sunan Dorugu da Dyrregu. Wanda ya karanta yadda Barth ya bayyana Kano, da kasuwarta da marinanta da cinikin tufafinta, zai ga mutum ne mai ƙirge da aune-aune, wanda yake bayyana wa 'yan'uwansa Turawa wasu mutane na nesa. Abin da Dorugu ya yi wa teburin Ingila shi ne abin da Barth ya yi wa kasuwar Kano, illa iyaka shi ba shi da ilmin ƙirgen, ba shi kuma da juzu'i biyar. Tafiya ɗaya suka yi, amma ɗaya yana bisa doki da littafin rubutu, ɗayan yana wajen raƙuma da kaya.

To, amma akwai hatsari a wannan kwatanci. Mai karatu na yau yana iya ɗokin ya mayar da Dorugu ɗan gwagwarmaya, ya ce ramuwar gayya yake yi wa Turawa. Wannan ɗora wa labarin kayan da ba nasa ba ne. A 1856 saura kusan shekara 47 kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato, don haka Baturen mulki mai hular kwano da dogarai bai riga ya shiga tunanin Bahaushe ba. Baturen da Dorugu ya sani matafiyi ne ɗaya tilo, mai sunan Musulmi, wanda yake neman izni da kariya a wurin Shehun Barno da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda kuma ba don Shaihu Ahmadul Bakka'i ya tsaya masa a Tambutu ba da wuya ya fita da ransa. Dorugu ya ga Bature yana zazzaɓi, ya ga Bature yana jin ƙishirwa, ya kuma ga ubangidansa Bature na farko ya mutu an binne shi kamar kowa. Wanda ya ga wannan duka ba zai isa Landan yana ɗaukar mutanenta aljannu ba. Rashin rawar jikin da ake gani a bayaninsa daga nan ya samo asali, kuma wannan dalili ya fi zama daidai da tarihin yaron fiye da a ce fushi ne ko adawa.

3.3 Wa Ake Ba Labarin?

Akwai wata tambaya da bayanin abincin nan ya tayar. Wanda ake faɗa wa yadda Turawa ke cin abinci shi kansa Bature ne, wanda ya shekara da shekaru yana cin irin wannan abinci a irin wannan tebur. Me zai ƙaru da shi?

Amsa ta farko a fili take. Schön ba labari yake nema ba, harshe yake nema. Yana son ya ji yadda Bahaushe zai faɗi abin da aka saba yi, yadda zai jera aiki bayan aiki, da sunan da zai laƙaba wa abin da babu shi a ƙasarsu. Batun da mai rubutu ya riga ya sani shi ya fi sauƙin bi, domin idan kalma ta shige masa duhu ma'anar tana hannunsa. Ta wannan fuska teburin abincin allo ne na koyon nahawu. Wannan ne ma ya sa ake iya ɗaukar Magana Hausa baki ɗayansa a matsayin tarin misalan harshe kawai, a bar shi ga masu nazarin kalmomi.

Sai dai wannan amsa ba ta ƙare magana ba. Mutum ba ya iya bayyana abu daki-daki cikin harshensa ba tare da ya hango wani mai jin harshen ba. Duk lokacin da Dorugu ya tsaya yana fayyace abin da kowane yaron Ingila ya sani, to da mutanen gida yake, ko da kuwa babu ko ɗayansu a ɗakin. Wato ke nan masu sauraro biyu ne a labarin: na zahiri mai alƙalami, da na zuci wanda ke can Damagaram ko Kukawa. Wuraren da labarin ya fi armashi su ne inda na zucin ya rinjayi na zahirin. Wannan shi ne hujjar da ta sa nazarin nan ya ɗauki labarin a matsayin adabi, domin zaɓen abin da za a faɗa da tsara shi saboda wani mai sauraro aikin mai ba da labari ne, ko da a ce an ɗauki maganar don wata manufa daban.

Inda mai sauraro na zahiri ya fi tasiri kuwa shi ne wajen abin da ya shafi zuciyar yaron. Ba kasafai Dorugu yake tsayawa ya faɗi abin da ke ransa game da zamansa a Turai ba. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa hankalinsa kwance yake. Tun da fari, tarbiyyar Bahaushe ba ta yarda yaro ya zauna gaban babba yana zayyana damuwarsa ba, balle baƙo a gaban mai masaukinsa. Daɗin daɗawa, an riga an ambaci saɓanin da ya shiga tsakanin Barth da Schön a kan yaran nan. Ke nan duk abin da Dorugu ya faɗa game da Barth, da kuma yadda aka yi ya zauna Ingila, ya faɗe shi ne ga ɗaya daga cikin masu rigimar, a cikin gidansa, kuma shi zai rubuta. Wannan ba ya nufin ƙarya ya yi. Abin da yake nufi shi ne, shaida ce da aka bayar a gaban mai ƙara, kuma da wannan sani ya kamata a karanta ta.

Babban giɓin labarin, a ganin wannan nazari, yana wajen lokaci ne. An ɗauki maganar Dorugu bai fi 'yan watanni da sauka ba, alhali kuwa ya ƙara wajen shekara takwas a ƙasar. Waɗannan shekaru su ne ainihin zaman baƙuncin: sanyi bayan sanyi, sabon suna, sabon addini, koyon Turanci, da kuma ranar da Abbega ya tafi ya bar shi. Bahaushen da ya bar gida a wancan ƙarni, ko Gwanja ya nufa sayen goro, ko Makka ta hanyar gabas, yakan tarar da zango a gabansa. A zango akwai mai masauki, akwai masallaci, akwai mai tuwo da mai fura, akwai kuma wanda zai yi masa tafinta a kasuwa. Zangunan Salaga da Kumasi haka suka rayu. Dorugu bai sami zango a Chatham ba. Bayan 1857 wanda ya rage a gidan da zai yi Hausa da shi, shi ne mutumin da ke koyon Hausar a wurinsa. Yadda ya ji da wannan duka ba ya cikin labarin rayuwar tasa, domin an riga an rufe shi kafin abin ya faru.

Wanda ya san Sabon Garin Zariya, unguwar da ta kafu domin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa baƙi bayan isowar layin dogo wajen 1911, ko ya san Samaru, inda malamai daga ƙasashe daban-daban suka yi ta zama tun kafuwar jami'a a 1962, ya san cewa baƙo iri biyu ne. Sabon zuwa ba ya rasa labari: ƙurar hunturu, tsadar kaza ko arharta, yawan gaisuwar mutane, ɗanɗanon daddawa. Wanda ya shekara goma kuwa ya daina ganin waɗannan. Idan zai yi magana sai dai ta makarantar yara, ko harshen da 'ya'yansa suka fi ji, ko inda za a binne shi. Labarin Dorugu na baƙo ne na farko. Ribar hakan ita ce idonsa bai riga ya dushe ba, shi ya sa teburin abinci da lofen yara suka fito sarai. Hasarar kuwa ita ce maganar baƙo na biyu, wadda ta fi nauyi, ba a same ta ba. Wanda duk ya kira wannan labari cikakken hoton rayuwar Bahaushe a Ingila ya yi masa kyautar da ta fi ƙarfinsa.

3.4 Dorugu da Abubakar Imam

Shekara 88 bayan saukar Dorugu a Landan, wani Bahaushen marubuci ya tashi daga Zariya zuwa wannan birni. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shiga ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Daga wannan tafiya ce littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito a 1944. Cikakken sharhin littafin yana babi na gaba. Abin da ake bukata a nan shi ne matsayin mutanen biyu.

Imam ya tafi yana da shekara 32, ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, yana kuma da masu karatu da ke jiran ya komo. Baƙon hukuma ne, har ya gana da Lugga suka tattauna al'amuran Arewa. Da Azikiwe ya kawo takardar neman sauye-sauyen mulki domin 'yan ayarin su sa hannu, Imam ya ƙi sa nasa. Ko an yarda da dalilinsa ko ba a yarda ba, wannan ya nuna mutum ne mai ikon ya ce a'a. Shi ma dai akwai Bature kusa da teburinsa, wato Dokta R. M. East, kuma jaridar da yake wa aiki ta hukuma ce, don haka ba a ce ba shi da nasa takunkumin ba. Amma alƙalamin yana hannunsa, ya kuma san sarai wa yake rubuta wa. Sunan littafin ma kansa karin magana ne da ke sanar da manufa tun daga bango, wato a ga abin wasu domin a ƙaru. Haka abin yake ga Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano.

Dorugu ba shi da irin wannan manufa, ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda ke jiran rahotonsa. Wannan ya rage wa labarinsa tsari da alkibla. Amma kuma ya kuɓutar da shi daga nauyin da ke kan ɗan boko na zamanin mulkin mallaka, wanda kusan dole ne duk abin da ya gani a Ingila ya juya shi ya zama darasi ga mutanen gida. A wurin Dorugu cokali cokali ne kawai.

3.5 Harshe da Salo

Salon labarin na baka ne tsantsa. Jimlolin gajeru ne, ana ɗinke su da ƙananan kalmomin haɗi, aiki yana bin aiki: an tashi, an yi tafiya, an sauka, an kwana. A ɓangaren Sahara wannan salo ya dace da abin da ake faɗa, domin tafiyar ayari ita ma haka take, zango bayan zango. A ɓangaren Turai kuwa ya zama rauni, saboda jirgin ruwa da jirgin ƙasa sun fi salon sauri, sai garuruwa su riƙa wucewa mai karatu bai gama kallonsu ba. Sai inda mai labarin ya sami abu guda ya zauna a kansa, kamar teburin abincin nan, sannan salon yake komawa daidai.

Matsala ta biyu ta rubutun ce, kuma ba laifin Dorugu ba ne. Schön bai bambanta k da ƙ ba, ko d da ɗ, ko b da ɓ, don haka kalmomi irin su kafa da ƙafa, ko dari da ɗari, kamanninsu ɗaya a shafi. Rabon kalmominsa ma ya sha bamban da wanda aka saba da shi a yau. Ga shi kuma kunnen da ya ɗauki maganar kunnen mai koyo ne, saboda haka idan aka ci karo da wata baƙuwar sigar kalma, tana iya zama karin harshen Damagaram na wancan zamani, tana iya zama tasirin Barbarci da yaron ya zauna cikinsa, tana kuma iya zama kuskuren ji. C. H. Robinson ya sake tace littafin ya buga a 1906. A 1971 kuma A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya taɓa koyarwa a Kongo nan Zariya, tare da Paul Newman, suka fitar da fassarar labarin da Turanci da bayanai masu yawa, suka haɗa shi da labarin Maimaina Sarkin Askira, jikan Abbega. Ta wannan fassara ce akasarin masu nazari suka san Dorugu, wato ɗalibin Hausa yakan bi ta Turanci kafin ya iske maganar da aka yi da Hausa.

Akwai bukatar a sake fitar da labarin cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu domin amfanin makarantu, kamar yadda ake samun littattafan Imam. Amma wanda zai yi wannan aiki sai ya yi hattara. Gyaran haruffa da rabon kalmomi abu ne mai sauƙi. Abin tsoro shi ne a bi jimlolin yaron a goge su su koma Hausar Kano ta littattafan firamare, a zubar da duk abin da ya yi kama da baƙo a matsayin kuskuren Schön. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a buga rubutun 1885 a shafin hagu yadda yake, a sa gyararren a shafin dama, duk inda aka sauya kalma kuma a nuna a ƙasan shafi.